Sai Fasinja Ta Zauna

Asabar, da hantsi

Kai mai leƙa mini littafi, ko wane ne kai, tunda ka buɗe abin da ba naka ba, zauna ka sha kacici-kacici. Hannunsa a sitiyari, ƙafarsa a birki, mota tana tafiya da shi, yana ta yi wa mutane faɗa ta taga, amma ba shi ke tuƙi ba. Wane ne? Ko gari goma ka ba ni, yau ba zan faɗa ba.

In ke ce, Takwara, to na gane ki, man shafawarki ya bar sawu a bangon littafin. Ke kika ba ni shi, kika ce in riƙa zuba masa abin da ke cina maimakon in riƙa zuba wa kaji. Jikar kirki ke nan, ta samar wa kakarta aiki. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, in kin ga harafi ya karkace, gwiwata ce tebur.

Yau za a fara neman mota. Tsohuwar janwen Direba tana tsakar gida ƙarƙashin bishiya tun abin da ya faru a gada, ɓangaren fasinja a lotse kamar gwangwanin da aka taka. Shekara arba'in da ɗoriya mijina yana jan matattun motocin mutane, sai ga tasa an jawo masa gida. Ya ce birki ne. Duk wanda ya zo jaje, birki ne. Har kaji sun haddace.

Shi da yaron nan, ɗanmu na fari, wanda furfura ta fara yi wa gemu ado amma har gobe yaron nan ne, sun shirya ba za a sake sayen babbar janwe ba. A-kori-kura mai shan dizal za a nema, a ɗaura mata ƙugiya, ta isa ƙananan motoci. Kuma dole in bi su, dokar gidan nan ce. Motar farko da Direba ya saya ban gani ba, kwananta a gareji ya fi kwananta a hanya. Ta biyu na shiga na zauna na ce wannan, ita ce ta raini yara duka har ta aurar da su. Tun daga nan ba ya sayen mota sai na zauna a kujerar gaba na ce na yarda. Yakan ce mazaunan Fasinja sun fi bakanike goma sanin ƙarfe. Fasinja ni ce.

Ga shi can yana kira. Ya sa hularsa ta fita kunya.

Asabar, bayan la'asar

Dillalin yana da tumbi wanda ke riga shi shiga ko'ina, don haka Mai Tumbi. Ya nuna mana wata fara. Direba bai kalli fenti ba, tafin hannu ya ɗora a kan murfin inji, ya ce, "Wa ya tashe ta kafin mu zo?"

Mai Tumbi ya ce, "Wanke ta kawai aka yi, Baba."

"Da ruwan zafi? Dizal ba a sanin gaskiyarta sai da sanyin safiya, kamar amarya kafin ta yi kwalliya."

Ya kwanta a ƙasa da sabuwar rigarsa yana ƙwanƙwasa shasi da ƙaramar guduma yana sauraro. Ya sa aka taka mai, ya tsaya a bayan salansa yana kallon hayaƙi. Baƙi, in ji shi, ƙoshi ne. Shuɗi, tsufa ne. Fari kuwa ka ɗauki takalmanka.

Sai aka ce in shiga. Na shiga, na muskuta, na ce kujerar tana cizo. Shi ke nan, aka fasa.

Da za mu fita Direba ya bugi madubin wata mota da kafaɗa. Tana nan a tsaye ƙatuwa, da rana tsaka. Ya ce mutane ba su iya ajiye mota ba. Yaron nan ya kalle ni, ni kuma na kalli takalmina.

Litinin, da safe

Bakanike ya zo ya duba tsohuwar. Ina shanya a bayan gida na ji yana ce wa yaron nan a hankali, birki lafiya lau, ko yau ka taka zai kama. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Bayan abin gada mun kai shi wurin likitan ido. Ya ce ganin gefe ya tafi, abin da ya rage kamar mai leƙe ta bututu ne. Maganin ɗigawa zai riƙe abin da ya saura, ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Kuma babu tuƙi. A gabansa aka faɗa. Direba ya karanta ƙananan haruffan ƙasan allo tas, ya juyo ya ce, "To? Yaron da ko gemu bai tsiro ba zai gaya mini ba na gani?"

Daga ranar ba wanda ya sake ɗaga maganar. Yaron nan ba zai iya kallon ubansa ya ce kawo makulli ba. Ni kuwa na san ranar da na ce na yarda, Mai Tumbi zai miƙa makulli, kuma na san hannun da zai miƙe ya karɓa. Daga nan sai hanya, da 'ya'yan mutane a gefenta.

Kujerar farar nan ba ta cizo. Amma muddin ba mota, ba magana.

Laraba, bayan azahar

Yau na sha wuya.

Mun je tun rana ba ta fito sosai ba don a tashe ta a gabanmu. Mai ruwan toka ce, ƙofa huɗu, giyar hannu, da wata ƙaramar giya a gefe wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Murɗa ɗaya ta tashi, ba tari ba gyaran murya. Direba ya ƙirga sufirin na baya da yatsa, ya ja ƙarfen da za a ɗaura ƙugiya, ya tambayi nauyin da take ja. Mai Tumbi ya faɗi wata lamba, Direba ya ce, "Wannan a fili ke nan. A hawa da mota a baya da rana a ka, cire kashi ɗaya cikin uku." Amma muryarsa ta yi laushi. Na san muryar nan. Da ita ya yi mini magana a ƙofar gidanmu ina budurwa.

Na shiga. Wayyo. Kamar cinyar uwa. Bayana da ya yi shekaru yana kuka ya yi shiru.

Na ja hanci na ce, "Tana warin gidan makoki."

Mai Tumbi ya ce, "Haba Hajiya! Wane irin makoki? Mai ita yana nan da ransa, jiya ma mun yi waya."

Na ce, "To a gaishe shi, ya riƙa kula da kansa."

Yaron nan ya juya baya, ban sani ba dariya ce ko wani abu. Direba ya daɗe yana kallona ta gilashin gaba. Sannan ya shafa gefen motar kamar wuyan doki, ya ce mu tafi.



Alhamis, da yamma

Gwiwa. Kai. Ba abin rubutawa.

Juma'a, da hantsi

Wayar aiki tana ta kuka a kan taga. Yaron nan ya ɗauka ya ce ba mota, ya ba da haƙuri, ya ajiye. Ta sake. Wani direban bas da ya yi shekaru ba ya kiran kowa sai mu, shi ma aka ce masa ba mota. Can sai ga ɗaya mai janwen na bayan kasuwa ya wuce ta layinmu da bas ɗin a baya, har da danna oda. Layinmu ba hanyarsa ba ce. Allah ya gani.

Surukata, matar yaron nan, ba mai magana ba ce, tukwane ke yi mata. Yau sun yi ta magana. Da na shiga kicin ɗaukar ruwa ta ce, kanta a ƙasa, "Inna, motar ranar Laraba, da gaske tana wari?"

Na ce, "Ke da ba ki je ba, ya aka yi ta dame ki?"

Ta ce, "Babansu ne ba ya cin abinci."

Na ɗauki ruwana na fito. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma kowa da mijinta.

Lahadi, bayan la'asar

Yau na huta. Mai canza wa kanta giya aka nuna mana, Direba ya ƙi ta da kansa. Ya ce motar da ke yanke shawara ba ta tambaye ka ba, ba a ba ta amanar gangara da kaya a baya. Yaron nan ya ce na yanzu ba haka suke ba, Baba, suna ja lafiya. Direba ya ce, "In ka sayi taka ka sayi irinta." Ko ƙofa ban taɓa ba. Na zauna a inuwa ina kallon tumbin Mai Tumbi yana hawa da sauka.

Talata, da azahar

Mai Tumbi ya koyi darasi. Jar mota ce yau, ya sa mata matashi a kujera, ya fesa turare har idona ya yi ruwa. Ya buɗe mini ƙofa da kansa yana cewa, "Bismillah, Hajiya, yau dai sai albarka."

Na zauna ina laluben abin faɗa. Babu. Ƙarya ma gona ce, in ana nomanta kullum sai ta gaji. Daga ƙarshe na ce madubinta yana nuna ni tsohuwa.

Ya ce, "Hajiya, ai wannan ba laifin..." sai ya haɗiye sauran.

Ko ni ban yi dariya ba.

Alhamis, da safe

Yaron nan ya shigo ɗakina ya zauna a bakin ƙofa kamar lokacin da yake fasa kwano. Wani kamfani ya ba shi aikin tuƙa tirela, can nesa. In ya karɓa, zai kwashe matarsa da yara. Kamfanin yana jiran amsa farkon mako.

Ya ce, "Inna, ko dai ki yarda da mota, ko ki gaya masa. Ba zan iya zama ina kallon waya ba."

Na ce, "Kai bakinka ciwo yake yi?"

"Ubana ne."

"Ni kuma maƙwabcina ne?"

Ya murza hula. Ya ce uban ne ya koya masa riƙe sitiyari, a kan cinyarsa, ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Ya ce da ya faɗi maganar nan gara ya tafi.

Na ce tashi ka ba ni wuri, kana tare mini iska. Da ya fita na daɗe ina ninke zanen da na riga na ninke.

Juma'a, bayan la'asar

Na gwada. Da abin da na iya na gwada.

Direba yana kishingiɗe na ce bari in ba ka labari. Wani tsohon raƙumi ne, shi ke jan ayari tun yana saurayi, ya san kowace rijiya. Sai tsufa ya zo, ya fara taka ƙaya, ya fara kauce hanya. Ɗansa yana biye da shi, ƙato, amma kunya ta hana shi wucewa gaba. Na ja labarin, na sa masa gishiri, har da muryar raƙumi na yi. Na kai inda ayari ya tsaya a bakin rami, na yi shiru don ya cika da kansa.

Ya ce, "Raƙumin nan naki wawa ne. Da ya sa an duba masa birki."

Ya juya ya ba ni baya. Yara uku da jikoki bakwai na kwantar da labari, ban taɓa faɗuwa irin ta yau ba.

Asabar, da safe

Na ɗiga masa magani. Ya ce yana zafi. Na ce haka aka ce. Na gaji, Takwara.

Lahadi, da azahar

Da hantsi Direba yana zaune a benci kusa da tsohuwar, yana goge ƙugiya da tsumma. Mai walda na maƙwabta yana ta ƙara. Na kawo shayi na zauna a kan tsohuwar taya a gefensa, tazarar hannu ɗaya, na miƙa kofi.

Bai karɓa ba. Ya ɗaga kai ya fuskanci kicin ya ƙwala, "Fasinja! Shayin nan sai an shuka rake tukuna?"

Halina ya motsa, na ce bari in yi shiru in tsorata shi. Ya sake kira. Na danne dariya.

Sai ya ajiye tsumman. Ya duba gabansa, ya ga ba kowa. Ya ɗaga hannu daidai kunnensa yana motsa yatsu, yana kawo shi gaba a hankali, a hankali, idonsa a kafe, yana jiran inda zai fara ganinsu. Sai da hannun ya kusa hancinsa. Ya sauke. Ya ɗaga ɗayan, na ɓangarena, ya buɗe shi sosai, ya doke kofin. Shayi ya zube mini a zane.

Ya juyo gaba ɗaya. Muka kalli juna.

Ya ce, "Tun yaushe kike nan?"

Na ce, "Tun kana da gashi."

Bai yi dariya ba. Ya kalli ƙofar da ta lotse ya ce, "Ban ga ƙarfen gadar ba. Ko kaɗan. Ƙara kawai na ji. Ranar ba cewa kika yi za ki bi ni in sauke ki gidan ƙanwarki ba?"

Na ce gwiwa ce ta hana ni.

Ya ce, "Allah ya yi wa gwiwar nan albarka."

Mai walda ya tsaya, gidan ya yi tsit. Ina ta matse zane kamar akwai sauran abin matsewa.

Can ya ce, "Mai ruwan toka ba ta wari."

"Na sani."

"Na san kin sani. Macen da miya ke ƙonewa a gabanta ba ta ji ba, ita za ta ji warin makoki?"

Na ce, "To me ya sa ka bar ni ina ta zubar da mutuncina a gaban Mai Tumbi?"

Ya ce, "Ina jira ki gaji."

Na ce ni ma shi nake jira. Ya ce to an yi kunnen doki, a kawo wani shayin.

Litinin, bayan la'asar

Mun koma wurin mai ruwan toka, Mai Tumbi ya ce saura kaɗan wani ya ɗauke ta. Kullum akwai wani.

Na shiga na zauna na ce, "Na yarda."

Ya ce, "Warin fa, Hajiya?"

Na ce, "Makokin ya watse."

Ya miƙa makulli, Direba ya karɓa. Sai na tuna jiya ba mu yi maganar makulli ba. Ya zagaya yana bin jikin motar da hannu, ya buɗe ƙofar direba. Bai shiga ba. Ya sunkuya ya ja kujerar baya har ta ce ƙas, ta ƙure. Ya ajiye makullin a kanta ya ce wa yaron nan, "Shiga mu gani ko ƙafafun nan naka na zalɓe za su samu wuri. Kuma kada ka kwantar mini da ƙafa a kan kuloci, ba matashi ba ne."

Yaron nan ya shiga, ya daɗe kansa a ƙasa yana neman wani abu a ƙarƙashin sitiyari. Ba abin da ya ɓace.

Direba ya zauna a baya. Daga can har gida bai rufe baki ba. Ka yi saurin canza giya. Ka bar ta ta yi numfashi. Wannan ramin naka ne da za ka shiga? Maganar ido ba wanda ya yi. Maganar tirela ma ba a sake yi ba. Tukwanen surukata sun yi shiru.

Laraba, da yamma

An ɗaura ƙugiya jiya. Direba ya ce aikin farko nasa ne: a kai tsohuwar wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, kuma ba wanda zai riƙe mata sitiyari sai shi. Yaron nan ya buɗe baki, Direba ya riga shi ya ce, "Abin da ke gabana ina ganinsa sarai, bayan motarka kuwa ba inda zai je. Sa sandar ƙarfe, ba igiya ba, ka tafi a hankali."

Aka buɗe mini gaban sabuwar. Na kalli kujerar nan mai laushi, na ce mata ki jira ni. Ƙofata ta tsohuwar ba ta buɗuwa, don haka ta ƙofarsa na shiga, da rarrafe, na haye giya, Takwara tana turo ni ta baya tana dariya har da hawaye. Marar kunya.

Muka fita. Ba ƙarar inji, sai kukan ƙarfe da na taya. Ban taɓa jin motar nan shiru haka ba. Ni ce idon gefe. Mai keke a dama. Akuya a hagu. Yana murza sitiyarin da ƙarfi don ya yi nauyi, gumi yana bin wuyansa, yana leƙa kai ta taga yana ce wa masu babur su koyi tuƙi, yana ce wa yaron nan wa ya koya maka shan kwana. Yaron nan ba ya ji, gilashinsa a rufe.

A kan gada ya yi shiru. An sa sabon ƙarfe, fentinsa bai yi kama da sauran ba. Ban ce ga shi ba, bai tambaya ba. Da muka sauka ya taka birki a hankali, ya kama. Ya yi tsaki ya ce, "Munafuki."

Dawowa na zauna a gaba, shi a baya, barci ya ɗauke shi kafin mu kai kasuwa. Waya ta yi kuka, yaron nan ya ɗauka ya ce ga shi nan zuwa.

Gwiwata ta kumbura kamar tulu. Zan kwanta.

Amsar kacici-kacicin, direban motar da ake ja ne. Yau mijina ne, a tsohuwar janwensa, ɗansa yana jan sa.